Kwanon Ɗakin Arzika

Balaraba ta fi shekara talatin tana zaune a Jega Sabon Gari, amma ko akuya ce ta haihu a Karaye sai ta ji. Ƙanenta Arzika ne ke kawo mata labari. Su biyu suka rage a ɗakinsu, iyaye sun rasu, 'yan'uwa huɗu da ke tsakaninsu duk sun bi su. Shi yana ƙauye yana noman gero da damina, albasa da rani. Ita kuma tun rasuwar mijinta take zaune a gidan ɗanta Sagir, direban motar haya, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli.

Da can, sai ranar da Arzika ya kawo hatsi kasuwar Jega yake biyowa, ya zauna a kan turmi ya zazzage mata labarin wata guda. Da waya ta samu, abin ya koma na kullum. Yana sallame la'asar zai kira.

"Yaya, kin jiya jakin Jibrilla ya hwaɗa tsohuwar rijiya?"

"Wane Jibrilla? Maƙwabcinka?"

"Shi hwa. Mutum tara munka taru muna ja. Da anka hiddo shi, ko godiya, sai yak kai ma mai shi harbi."

Haka suke yi. Wa ya haihu, wa ya yi yaji, motar wa ta kafe a yashi, albasar wa ta ruɓe a rumfa. Arzika ba ya ƙarya, amma ya iya zuba wa labari gishiri. Matar Sagir kan ce idan ta ji Inna tana dariya ita kaɗai a bakin murhu, ta san Kawu ne a waya.

Iskar ta zo ranar wata Talata a farkon damina, kafin a yi shuka. Tun azahar gabas ta yi baƙi. Kafin la'asar gari ya rufe, ƙura ta taso ja wur, sannan iska ta biyo da ƙarfin da Balaraba ba ta taɓa gani ba. A Jega ta kwashe rumfunan bakin titi, ta karya falwayoyin wuta. Balaraba ta samu ta kwashe ƙuli-ƙulin da ta shanya, rabi ya sha ƙasa. Ranar wayarta ba ta yi ƙara ba. Ta kira, ba ta shiga. Washegari ma haka. Sagir ya ce mata sabis ne ya ɗauke a duk yankin Maiyama, kuma ya tambayi direbobin hanyar, ba a ce an rasa rai a Karaye ba.

Sai ranar Alhamis wayar ta shigo.

"Muna nan da rai, Yaya," in ji Arzika. "Amma gida kam ya tahi yawo."

Ya faɗa mata dalla-dalla. Iska ta ɗage rufin babban ɗaki gaba ɗaya, kwano da katako, ta watsa a unguwa. Shi da matarsa Murjanatu suna ciki suka ga sama a buɗe. Dogon yaron da ke ƙofar gida, wanda mahaifinsu ya dasa, ya tuge daga saiwa ya danne katanga, ya kwanta a lungu ya tare hanya, ko amalanke ba ta wucewa. Garba kafinta, wanda shi kaɗai ne kafinta a unguwar, ya hau gyaran rufin masallaci ya zamo ya karya cinya, an kai shi Aliero wurin masu ɗori. Sannan an aiko daga wani kwamiti cewa kada kowa ya taɓa komai sai sun zo sun ɗauki hoto sun rubuta suna, wanda ya gyara kafin su zo babu shi a cikin taimako.

"To ina kuke kwana?"

"Ɗakin girki. Ni da Murjanatu da kaji."

"Kwanon naka hwa? Kun tsinto?"

"Nan aka rigima. Guda shidda sun sauka gidan Jibrilla, sun haɗe da nashi. Shi yac ce duk wanda bai yi tsatsa ba nashi ne. Shekara arba'in muna katanga ɗaya, yau kwano za shi raba mu."

Ta yi masa jaje, ta ce ya bi a hankali da Jibrilla. Daga nan ya koma halinsa. Ya ba ta labarin wani tsoho a bayan masallaci da iska ta same shi yana wanka, ta ɗauke zanar banɗakin ta bar shi a fili daga shi sai ƙwarya, kuma ƙwaryar ƙarama. Yadda ya kwaikwayi muryar tsohon yana kiran matarsa ta kawo zane, Balaraba ta yi dariya har ta ajiye ludayin da ke hannunta, hawaye na zuba. A cikin wannan dariyar ne ya ce:

"Ni ma na samu rabona. Jiya ina jan katako nit taka ƙusa, ta huda takalmi ta shige tahin ƙahwa."

"Subhanallahi. Ka tahi a yi maka allura," ta ce, tana share ido, dariyar ba ta gama sakinta ba.

"Na zuba toka da kananzir na ɗaure. Bari in ga bayan rufin nan tukuna."

"To wai tsohon nan, ita matar ta kawo zanen?"

Suka koma kan tsohon.

Kwanakin da suka biyo baya, labarin Arzika ya daina daɗi. Kullum magana ɗaya. 'Yan kwamitin sun ce Juma'a, ba su zo ba. Sun ce Asabar, ba su zo ba. Ranar Lahadi suka iso a mota ɗaya, suka ɗauki hoton gida uku na bakin hanya, da suka ga hadari ya taso sai suka juya, suka ce sauran sai wani zuwan. A yammacin ranar ruwa ya sauka a ɗakin da ba rufi, ya jiƙa gado da akwatin tufafi, bangon ƙasa ya fara zubowa daga sama.

Akwai kuma wani Abdulrazak mai injin yanka itace a Aliero, wanda aka yi magana da shi ya zo ya daddatse dogon yaron. Ya ce gobe, goben ta zama jibi, domin kowane gari nemansa ake yi. Ranar da ya zo, ya yanke rassa biyu sarƙar injin ta tsinke. Ya ɗaure kayansa a bayan mashin ya ce zai je Jega ya sayo wata. Mutanen lungun suka ce a sa gatari, wasu suka ce a'a, tunda an fara da mai inji a jira shi, kuma ai 'yan kwamiti ba su ɗauki hoton itacen ba. Aka bar shi a kwance. Mata masu zuwa rijiya suna tsallaka shi da tulu a ka.

"Na gaji, Yaya," Arzika ya ce mata ranar Litinin. "Ba ni jiran kowa kuma. Su riƙe taimakonsu. Gobe ni ka hawa da kaina."

"Da shekarunka? Ka ga abin da yas samu Garba."

"In ban hau ba, ruwa guda biyu bangon ga ya zube."

Ya hau ɗin. Da kwanon da ya tsinto, da tsofaffin ƙusoshin da ya miƙe da guduma, ya rufe rabin ɗakin cikin kwana biyu. Jibrilla yana daga gidansa yana jin bugun guduma, bai leƙo ba. Sau ɗaya Balaraba ta tambayi ƙafar. Ya ce bakin ciwon ya rufe, ɗan zafi ne kawai idan ya taka. Ba ta sake tambaya ba. Ita ma tana fama da nata, babu wuta a unguwarsu tun ranar iskar, masu injin markaɗe sun yi cunkoso, gyaɗarta na jibge.

Ranar Alhamis, kwana takwas da taka ƙusar, ya kira kamar kullum, amma maganar ba ta fita sosai. Kamar mai magana da goro cike da baki.

"Ban jin ka da kyau. Sabis ne?"

"Muƙamuƙina ne yar riƙe. Da wuyana. Sanyin kwanan ƙasa ne."

"A dama maka kunu mai citta da zafi. Mi aka ciki a gari?"

"Ba komi yau," ya ce.

Tunda suka fara waya bai taɓa ce mata ba komai ba. Ta lura, abin ya tsaya mata, amma sai ta ɗauka ɓacin ran rufin ne. Ta ce ya huta, suka yi sallama.

Ranar Juma'a bai kira ba. Asabar da hantsi wayar ta yi ƙara, lambarsa ce, muryar Murjanatu ce.

"Yaya, ku taho. Malam ba shi iya buɗa baki. Tun jiya ko ruwa bai wuce ba. In abin yat taso mai, bayanshi lanƙwashewa shika yi kamar baka. Mun yi tofi, mun yi hayaƙi, abin gaba shika yi."

Balaraba ta kira Sagir a tasha. Ya sauke fasinjojin da ya fara lodi ya zo ya ɗauke ta. Ba ta ko canza zanen aikin da ke jikinta ba, duk mai. A hanya suka riƙa wuce itatuwa a kwance a gefen titi, da gidaje marasa rufi an lulluɓa musu leda da buhuna.

A bakin lungun motar ta tsaya. Dogon yaron yana nan inda ya faɗi, ganyensa ya bushe ya zube, gindinsa ya kai ƙugun mutum. Balaraba ta tattare zane ta hau ta tsallaka. Ta tarar da ƙanenta a ɗakin girki a kan tabarma, jikinsa a sandare, haƙora a haɗe, leɓɓansa sun ja baya kamar mai murmushi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Idonsa biyu, ya gane ta. Ta kira sunansa da ƙarfi, nan take jikin ya ɗauka, ƙeya da dugadugai kawai ke taɓa ƙasa. Murjanatu ta riƙe ta.

"Ki yi a hankali, Yaya. Ƙara na tada shi."

Ba yadda za a tsallaka da shi ta kan itacen. Sai aka ciro ƙyauren ɗaki aka kwantar da shi a kai, maza huɗu suka ɗauka, aka fasa dangar baya aka zagaya ta gonaki zuwa inda motar take. Jibrilla ne ya kama gaba, ba wanda ya kira shi. Tafiyar da ba ta fi taku hamsin ba ta lungu, ta zama zagaye mai nisa a kan tsofaffin kunyoyi, kuma duk tuntuɓen da ɗaya ya yi sai jikin Arzika ya ɗauka. Sau uku suna ajiye shi.

A asibiti a Jega likita ya dube shi sau ɗaya ya tambaya ko ya ji rauni kwanan nan. Murjanatu ta kwance tsumman ƙafar. Ɗan baƙin tabo ne, bai kai ƙwayar wake ba.

"Kwana nawa?"

"Goma."

"An yi masa allura?"

Murjanatu ta ce ba a yi ba. Likitan ya ce ciwon sarƙewar haƙora ne, ƙwayar cutar a ƙasa take, ta bi ƙusar ta shiga. Ya ce da an kawo shi a ranar ko washegari, wanke ciwo ne da allura. Bai faɗa da faɗa ba, yana rubutu yake magana. Ya yi masa allurai na kwantar da jiki, ya ce su wuce da shi Birnin Kebbi yanzu, nan ba su da kayan riƙe shi.

A can aka sa shi a wani ɗaki shi kaɗai, aka rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba magana, ba waya, ba jan kujera, mutum ɗaya kawai zai zauna. Balaraba da Murjanatu suka riƙa karɓa-karɓa. Idan lokacin Balaraba ya yi, sai ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da gadon inda zai iya ganinta. Wani lokaci maganin ya sa shi barci. Wani lokaci ya buɗe ido ya kafe ta da su, maƙogwaronsa na motsi. Ta san akwai abin da yake son faɗa. Ko wasiyya ce, ko ruwa yake so, ko tambayar ɗakin yake, ba ta sani ba. Sai ta ɗaga masa kai kamar ta gane. Tana so ta ce masa ya yafe mata, ranar nan da ta tsaya ta matsa masa, da ta turo Sagir ya ɗauko shi ko yana so ko ba ya so. Ba halin faɗa. Ta riƙa jan carbi a hankali yadda 'ya'yansa ba za su yi ƙara ba.

Kwana uku suka yi. Ranar Talata da azahar numfashinsa ya sarƙe, aka fitar da Balaraba waje, ma'aikata suka shiga da gudu. Da wata likita ta fito ta cire safar hannu, Murjanatu ta zauna a ƙasan baranda ta ja mayafi ta rufe fuska. Balaraba ta yi salati, ta nemi Sagir ta ce ya kira Karaye a fara haƙa.

Suka iso da gawar kafin faɗuwar rana. Sagir ya rage gudu a bakin lungun zai tsaya, sai ya ga hanya a buɗe. An daddatse dogon yaron an jera guntayen a gefe. Tun da labarin rasuwar ya iso mazan unguwa suka fito da gatura, kafin la'asar sun gama. Motar ta shiga har ƙofar gida.

Balaraba ta dubi itacen da aka jera, ta dubi mazan da ke tsaye da ƙurar itace a rigunansu. Da yawansu ta san iyayensu. Aka shiga da mamacin aka yi masa wanka, aka kai shi kafin magariba.

Washegari da safe ta fito alwala ta ga kwano a jingine a jikin bango, guda goma sha ɗaya. Jibrilla na tsaye a zaure, hularsa a hannu.

"Na Malam shidda ne, Jibrilla," Murjanatu ta ce daga bayan labule.

"Ban iya rarrabewa," ya ce. "Ku bar su duka."

Shi da mutum biyu suka hau a ranar suka ƙarasa rufin. Masu zaman makoki suna tsakar gida, guduma na bugawa a kansu, ba wanda ya ce a bari.

Ranar addu'ar uku 'yan kwamitin suka dawo. Wani mai riƙe da takarda ya yi sallama a zaure ya ce ana neman maigidan, Arzika, ya fito ya tsaya a gaban ɗakin da ya lalace a ɗauke shi hoto. Aka faɗa masa. Ya yi ta'aziyya, da alama abin ya taɓa shi. Sannan ya leƙa ya ga ɗakin a rufe, ya ce a gaskiya umarnin da aka ba su, gidan da aka riga aka gyara ba ya shiga. Sagir ya miƙe, murya ta fara hawa. Balaraba ta aiko daga ciki a ce masa ya zauna, a ba baƙi ruwa su sha su tafi.

Da mutane suka ragu, ita da Murjanatu suka zauna a babban ɗakin. Har yanzu yana warin danshi. Ba su taɓa sabawa sosai ba, gaisuwa ce da mutunci kawai a tsakaninsu shekara da shekaru.

"Ni nid daka mashi tokar," in ji Murjanatu. "Ni nik kawo kananzir ɗin. Haka nig ga ana yi tun ina yarinya."

"Ni ya hwaɗa ma tun kwana ɗaya. Ina ta dariya."

"Ya ce mani kin ce a yi allura."

"Na ce. Sau ɗaya."

Murjanatu ta gyara mayafin takabarta. "Ko sau goma kinka ce, ba shi zuwa sai ya rufe ɗakin ga. Kin san shi."

Balaraba ta ɗaga ido ta dubi rufin. Ta san gaskiya ne, kuma bai rage mata komai ba.

A dare na shida da rasuwar aka yi ruwa mai yawa, marar iska, irin wanda ake shuka da shi. Da gari ya waye Jibrilla ya aiko cewa mazan unguwa za su yi gayya su shuke gonar mamacin kafin su taɓa nasu, a ba su iri. Murjanatu ta ce ba ta san inda yake ajiyewa ba, bai taɓa barin kowa ya taɓa masa iri ba. Aka duba buhunan da ke zaure, duk na ci ne.

Balaraba ta ce a kawo mata tsani. Ta hau rumbu da kanta, Sagir na riƙe da ƙafar tsanin yana cewa ta bari shi ya hau. Ta zura hannu can ƙarƙashin hular rumbun ta gefen gabas, inda mahaifinsu yake sa nasa. Ta jawo dami biyu na zangarniyar gero, zaɓaɓɓu, dogaye, an ɗaure su da kaba an barbaɗe da toka saboda ƙwari. Ruwa bai taɓa su ba.

Matan gidan suka sussuka, suka sheƙe, aka zuba a ƙwarya uku aka kai gona. Daga ƙofar gida ana hango su, maza a jere da sungumi suna sara, wasu na biye suna zuba iri suna takewa. Balaraba ta tsaya ta kalla har suka kai ƙarshen layin farko suka juyo.

Bayan addu'ar bakwai ta ɗaure kayanta. Murjanatu ta rako ta har bakin zaure, iyakar inda mai takaba za ta iya zuwa, ta miƙa mata ƙullin kuka da daddawa.

"In an yi noman farko ki aiko a gaya mani," in ji Balaraba. "Sagir na kawo ma masu aiki goro."

"To, Yaya. Allah shi kiyaye hanya."

Ta shiga gaban motar. A bakin lungu mata biyu na ɗibar guntayen dogon yaron suna kai wa gida don girki, suka matsa gefe motar ta wuce.